Tukunyar mai jego: yadda ake ciyar da uwa mai shayarwa a zangon Kumasi

Duk wanda ya taɓa halartar suna a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya san yadda gida yake cika tun da sassafe, an yanka rago, mata suna kai da kawo tsakanin murhu da tsakar gida, kwanukan tuwo da na shinkafa suna fita zuwa maƙwabta. A wannan rana mai jego ba ta rasa abin da za ta ci, kuma a yawancin gidajenmu ana ci gaba da riritata har ta yi arba'in. Abin da yake damuna shi ne abin da ke biyo bayan arba'in ɗin, lokacin da mahaifiyarta ko surukarta ta tattara kayanta ta tafi, ita kuma ta koma ga wanki da girki da zuwa kasuwa, ta zama ita ce ta ƙarshe wajen sa hannu a kwano bayan maigida da yara sun ƙoshi, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne bakin jariri yake ƙara ƙarfi, jikinta kuma yake fitar da nono fiye da na makon suna. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Don haka tanadin abincin mai shayarwa ya kamata ya kai tsawon shayarwar kanta.

Abin da nono ya ƙunsa

Uwa mai shayar da jariri ɗaya nono zalla takan fitar da kimanin mililita 750 a kwana ɗaya, wato daidai da ledar ruwan sha ɗaya da rabi, irin mai mililita 500 da ake sayarwa a bakin titi. Kimanin kashi 87 cikin 100 na wannan nono ruwa ne, shi ya sa jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya bukatar a ɗura masa ruwa, ko a zafin Fabrairu da Maris ne, ko a bushewar hunturu. In ya ji ƙishirwa sai a ƙara ba shi mama. A cikin kowace mililita 100 akwai kimanin giram 7 na sukarin nono da ake kira laktos, da giram 4 na maiƙo, da giram 1 na furotin, waɗanda a haɗe suke ba da kalori 65 zuwa 70, kusan rabinsu daga maiƙon. Madarar shanu ta ninka nonon uwa sau uku wajen furotin, amma na uwa shi ne daidai abin da ƙodar jariri za ta iya ɗauka, kuma shi ne cikinsa yake narkarwa ba wahala.

Nonon da yake fara fitowa idan jariri ya kama mama yakan zo tsararo, har wasu mata su tatsa a tafin hannu su duba, su ce nasu ya tsinke. Haka halittarsa take. Yayin da maman yake raguwa maiƙon yana ƙaruwa, kuma wannan na ƙarshe mai kauri shi ne yake ƙosar da yaro ya sa masa ƙiba. Saboda haka ki bar shi ya gama da mama ɗaya har ya sake da kansa kafin ki mayar da shi ɗayan.

Dakashi kuwa, wato nonon kwana biyu zuwa huɗu na farko mai kauri da launin ruwan ɗorawa, shi ne wanda aka fi zalunta, domin har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar da sunan ƙazanta. Ba shi da yawa, amma cikin jariri a ranar haihuwa bai wuce abin da ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi zai ɗauka ba. Dakashi cike yake da sinadaran garkuwa waɗanda suke shafe hanjin jariri su hana ƙwayoyin cuta ratsawa, yana da bitamin A mai yawa, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, abin da yake rage haɗarin shawara. A sa jariri a mama cikin awar farko bayan haihuwa, kada a riga shi da ruwan sukari ko jiƙo, zuma kuwa a jinkirta ta har ya cika shekara, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Garkuwar ba ta ƙarewa da dakashi. A cikin nono akwai nau'in sukari fiye da 200 waɗanda jariri ba ya narkarwa, aikinsu ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a hanjinsa, akwai kuma furotin mai suna laktoferin da yake riƙe sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta samunsa. Jikin uwa yana haɗa garkuwa daga cututtukan da take cuɗanya da su a gidan da suke zaune, ya zuba ta cikin nono, don haka mura ko zazzaɓi ko gudawar uwa ba dalili ne na janye yaro daga mama ba. Bitamin K kuwa nono bai wadatar da shi ba, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa a asibiti ranar haihuwa.

Abin da ake cira daga jikinki, da abin da ke jiran kwanonki

Nan ne ƙashin bayan maganar. Sinadaran nono sun kasu gida biyu. Kashi na farko, irin su kalsiyam da ƙarfe da folik asid da zink, yawansu a cikin nono ba ya sauyawa sosai ko uwa ta ci mai kyau ko ba ta ci ba, domin jiki yana ɗebo su daga ajiyarta. Ƙasusuwan mai shayarwa sukan rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsu a watannin shayarwa, su dawo bayan yaye. Kashi na biyu, wato bitamin A da bitamin B1 da B2 da B6 da B12, da ayodin, da irin maiƙon kifi mai gina ƙwaƙwalwa da ido, suna bin abin da uwa ta ci ne kai tsaye: in sun yi ƙaranci a kwanonta sun yi ƙaranci a nononta. Ma'ana, idan aka yi sakaci da abincin mai shayarwa, ita za ta rame ta ɗashe, shi kuma yaron zai rasa wani abu ko da kumatunsa sun cika. Binciken lafiyar al'umma na Ghana na shekarar 2022 ya nuna kashi 41 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma da yawa da wannan ƙaranci suke shiga ɗakin haihuwa, su sake zubar da wani jinin.

Yadda za a haɗa kwanon

Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kimanin kalori 500 a kullum a kan abin da ta saba ci. Wannan bai kai girki na musamman ba: gyaɗa cike da tafin hannu, da ayaba biyu, da dafaffen ƙwai biyu sun kusa cika shi. Hukumar Lafiya ta Ghana tana koyar da abin da take kira abinci mai taurari huɗu, kuma a wurin awo ma'aikatan jinya sukan bayyana shi: tauraro ɗaya na hatsi da doya da rogo da makamantansu, ɗaya na wake da gyaɗa da agushi, ɗaya na ganye da 'ya'yan itace, ɗaya na nama da kifi da ƙwai da madara. A ganina tukunyar zango ta riga ta san waɗannan taurari, abin da ya rage shi ne a daina barin tauraron farko ya cinye kwano shi kaɗai.

Da safe kokon gero ba shi da laifi, amma in an sha shi da sukari kawai, ruwa ne da ɗan gari, kafin hantsi yunwa ta dawo. Ki zuba masa madara ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki haɗa da ƙosai, domin waken da ke cikin ƙosai shi ne mai gina jiki. Da rana in shinkafa da wake ce, wadda aka fi sani da waakye, ki nemi wadda wakenta ya fito fili, ki sa ƙwai ko kifi da ɗan kabeji, ki rage taliya da gari. Da dare kuma tuwon zafi da miyar ayoyo ko ta kuka ko ta kuɓewa abinci ne da ba shi da na biyu ga mai jego, muddin miyar ta ji daddawa da dakakken kifi. Busasshen kifin amane da ƙananan kifayen da ake ci har ƙaya suna ba da kalsiyam da furotin da bitamin B12 a farashin da talaka zai iya, don haka a daka su a ajiye a kwalba, kowace miya ta sami cokali biyu ko uku. Kifi mai maiƙo, irin sadin da wanda 'yan kasuwa suke kira saman, a yi ƙoƙari ya shiga tukunya sau biyu ko uku a mako. Wagashi da fura da nono da burkina, wato haɗin gero da madara, su ma suna da amfani, da sharaɗin an tafasa madarar da aka yi su da ita, kuma an saya a wurin da aka yarda da tsabtarsa.

Ganyen miya a zuba shi a ƙarshe, a sauke yana da sauran korensa. Kanwar da ake jefawa don miya ta yi yauƙi ko wake ya nuna da wuri tana lalata bitamin B1 da bitamin C, gara a jiƙa wake tun dare.

Bitamin A yana nan birjik a kasuwannin Kumasi: manja, da kontomire, wato ganyen gwaza, da zogale, da alayyafo, da karas, da gwanda, da mangwaro a lokacinsa, da dankali mai jan ciki irin Apomuden wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar. Jiki ba ya tsotsarsa sosai sai da ɗan mai, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya dace. Manja kuma kada a soya shi har ya yi hayaƙi ya koɗe, domin jan nan nasa shi ne amfanin. A saya wurin wanda aka sani, domin a shekarar 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa ta gano manjan da aka rina da jan rini mai cutarwa a kasuwannin Accra. Hanta sau ɗaya a mako ta haɗa bitamin A da ƙarfe da B12 wuri ɗaya.

Batun jini yana bukatar a tsaya a kansa. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki, na wake da ganye kuwa yana son a raka shi da abu mai bitamin C, kamar lemo ko abarba ko gwaba ko ɗanyen tumatir. Shayi yana yin akasin haka, yana riƙe ƙarfen ya hana shi shiga, don haka a raba shi da abinci da awa ɗaya ko biyu. Goro, wanda fataucinsa ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar Asante, yana da sinadarin da ke hana barci, kuma kaɗan daga ciki yana ratsawa zuwa nono, saboda haka in jaririnki ba ya samun natsuwa ki rage goro da kofi ki gani. Abedru, wani ƙaramin gauta da maƙwabtanmu Asantawa suke sa wa mai jego a miya, kayan lambu ne mai kyau, amma shi da lemon malt da ake haɗawa da madarar gwangwani ba sa maye gurbin ƙwayar ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shan ƙwayar ƙarfe da folik asid na mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa a wuraren da ƙarancin jini ya yawaita. Ki shanye wadda aka ba ki, ko da ta mayar da bayan gida baƙi, wannan ba illa ba ce.

Ayodin kuwa ƙwaƙwalwar jariri ce take bukatarsa, mai shayarwa tana neman maikirogiram 250 a kullum. Tun 1996 dokar Ghana ta wajabta sa ayodin a gishirin ci, amma gishirin da ake aunawa a buɗe cikin daro ba shi da tabbas. Ki sayi na leda wanda aka rubuta yana da ayodin, ki ajiye shi a rufe nesa da murhu, ki zuba shi dab da sauke miya.

Ruwa ki sha gwargwadon ƙishirwa, kofi a kusa da ke duk lokacin da za ki shayar; in fitsarinki ya yi duhu, kin gaza sha. Ɗirkar ruwa fiye da kima ba ya ƙara nono. Gyaɗa da masara kuma a tsince masu fumfuna da masu ɗaci a zubar, domin dafin da ke cikinsu yana cutar da hanta, yana kuma iya bi ta nono.

Kunun kanwa da sauran al'adun jego

Iyayenmu mata ba su tsara jego don cutarwa ba, kuma da yawa daga cikin abin da suka tsara alheri ne: hutun kwana arba'in, da ƙauri, da farfesu, da kunu mai ɗumi. Kanwar ce ya kamata a sake dubawa. Gishiri ce mai nauyi wadda take tara ruwa a jiki ta hau da jini, a daidai lokacin da zuciya take farfaɗowa daga nauyin ciki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya ya nuna ciwon yana da wasu dalilai ma, amma ga wadda jininta ya taɓa hawa lokacin ciki, kanwa haɗari ce tsantsa. Kunun gyaɗa ko na tsamiya yana ba da ɗumi da ƙarfin da ake nema, ƙauri kuma a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta har ganinta ya dushe, a kai ta asibiti nan take, Komfo Anokye ko Manhyia ko duk wanda ya fi kusa, kada a ce sai an gama wanka.

Idan an ce nono bai isa ba

Na taɓa zama a ɗakin wata maƙwabciyarmu mai haihuwar fari, jaririnta yana da mako 7, yana ta tsala kuka, surukarta ta riga ta tace koko a ƙaramin kofi tana fifitawa. Ta ce, “Ɗiyata, yaron nan yunwa yake ji, nononki bai ishe shi ba.” Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, “Mma, a yi mini haƙuri zuwa gobe, ranar awo ce, mu ga abin da sikeli zai nuna.” Washegari nauyinsa ya nuna yana hawa, sai dai ma'aikaciyar jinya ta lura kan maman kawai yake tsotsa. Ta gyara masa kamu, bakinsa ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa mama, ya haɗa da baƙin kewayen, aka fara jin haɗiyarsa daga inda nake zaune.

Yawan nono tsotso ne yake kawo shi. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, ƙwaƙwalwar uwa tana sakin sinadarin firolaktin mai haɗa nono da oksitosin mai tunkuɗo shi, kuma firolaktin ya fi yawa da dare. Shayarwa sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, har da ta dare, ita ce maganin ƙaranci, koko ko madarar gwangwani kuwa suna rage tsotson, nonon ya ragu da gaske. Alamar isa ita ce jariri ya yi fitsari sau 6 ko fiye a kwana ɗaya daga rana ta biyar, ya dawo nauyinsa na haihuwa cikin kimanin mako biyu, layinsa a littafin awo ya ci gaba da hawa. Magungunan kwalba da ake talla a tasha da sunan kawo nono, waɗanda wasunsu da barasa aka jiƙa su, ki nisance su, kuma duk maganin da za a rubuta miki ki fara faɗa cewa kina shayarwa.

Komawa aiki da azumi

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da awa ɗaya a cikin lokacin aiki don ta shayar. Mai rumfa a kasuwar Kejetia ko mai tallan abinci ba ta da wannan hutu, ita ce mai ba kanta. In za ki bar yaro a gida, ki wanke hannu ki tatsa a kofi mai murfi. Nonon yana kai awa 4 a inuwar ɗaki, a firij kuma kwana 4 in wuta ba ta ɗauke ba. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, kada a tafasa, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. Ke kuma ki ƙulla guzurinki tun daga gida, ƙwai da gyaɗa da ayaba, domin mai ciniki takan wuni da lemon kwalba da biskit ba ta sani ba.

A watan azumi shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame in ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta, hukuncin ramuwa kuwa sai a tambayi malamai. Wadda jaririnta bai kai wata 6 ba ita ta fi cancantar karɓar wannan rangwame. Wadda ta ɗauki azumin kuma ta jinkirta sahur, ta ci mai wake ko ƙwai ko fura da nono, ta rarraba shan ruwa tsakanin magariba da asuba, in kuma jiri ya kama ta ko fitsarin yaro ya ragu, ta karya.

Maigida, ayar nan da ta ambaci shekara biyu ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. A aikace wannan yana nufin ƙarin kuɗin cefane da aka ware don kifi da ƙwai da 'ya'yan itace, da tabbatar da cewa an cire mata rabonta na nama kafin a raba wa gida. Ka raka ta duban mako 6 bayan haihuwa, a gwada jininta, a auna hawansa. Idan yaro ya cika wata 6 ajiyar ƙarfen da aka haife shi da ita ta kusa ƙarewa, sai a fara ba shi koko mai kauri da garin kifi da gyaɗa ko ƙwai, amma nono yana ci gaba da ba shi rabin ƙarfin da yake bukata ko fiye har ya cika shekara, da kimanin kashi ɗaya cikin uku a shekara ta biyu, don haka ƙarin da aka yi wa kwanon uwa kada a janye shi sai ranar yaye.